Mai Sikeli da Ƙafar Yaya Haruna

Da sunan Allah na ɗauki biron nan, ba don na iya ba. Rani biyu kawai na yi a ajin yaƙi da jahilci. Sunana Garba, ma'auni ne ni a layin 'yan hatsi na kasuwar Wudil. Abin da ya sa na zauna rubutu, mutane sun dame ni da tambayar yadda aka yi da ƙafar yayana Haruna, kuma kowa da labarin da yake bazawa. Wasu sun ce jifa ne. Wasu sun ce likitocin birni sun yi gwaji da shi. Ni na yi jinyarsa sati bakwai, tabarmata tana gindin gadonsa. Ga abin da na gani. Duk mai shirin kai nasa asibitin birni ya karanta, in bai iya ba ya sa a karanta masa.

Yaya Haruna dillalin shanu ne a Kara. Shekarun nan da kuɗin fetur ya shigo, bayan an bar fam da sule an koma naira, Allah ya buɗa masa. Duk Juma'a manyan motoci suna lodin shanu zuwa kudu, hannunsa na ciki. Ya sayi babur, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Ya koyi shayi da madarar gwangwani, suga ƙwaya bakwai a kofi ɗaya, da lemon kwalba bayan azahar. Ya yi tumbi, muka ce arziki ne. Tumbin ya fara zubewa, muka ce baki ne. Ƙishirwa ba ta sakinsa, fitsari ba ya barinsa ya zauna. Matarsa Uwani ta ce ta ga kiyashi sun yanyame inda ya tsuguna. Muka yi dariya.

Da bazara ƙusa ta huda takalminsa a Kara, ta shiga ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu. Bai ji ba. Sai da ya zo alwala ya ga jini. Sati biyu wanzami yana zuwa, ana ɗaura ganye. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari, har Uwani ta koma kunna turaren wuta tun da safe. Malamin disfensa ya kwance tsumman, ya juyar da kai, ya ce, "Garba, wannan ya fi ƙarfina. Ku wuce birni yau, ba gobe ba."

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Mun shiga layin kati da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Likitan Ba'indiye ne, gajere, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa, nas ke fassara. Ya danna ƙafar nan da can, ya ciro biro daga aljihu, ya zana layi a ƙaurin Yaya, ƙasa da gwiwa da kamar faɗin hannu. Nas ta ce, "Ya ce ciwon suga ne. In suga ya sauka, gyambo zai warke. In bai sauka ba, daga nan za a yanke." Likita ya ɗaga yatsa ya maimaita wata kalma sau uku, har ta zauna mini a ka: dayat, dayat, dayat. Na tambayi nas ko sunan allura ne. Ta ce a'a, abinci ne na awo, akwai masu aikin, za su zo.

Yaya ya dubi layin ya ce, "Garba, dillali mai ƙafa ɗaya, wace saniya zai zagaya?"

Satin farko na koyi yadda ake duba suga. Kowace safiya sai a karɓi fitsari, nas ta ɗiga kaɗan a wata siririyar kwalba mai shuɗin ruwa, ta ɗora a kan wuta. In ya tsaya shuɗi, lafiya. In ya yi kore, da sauƙi. In ya yi rawaya, da saura. In ya yi ja irin na jar ƙasa, suga ya yi yawa. Na Yaya ja yake yi tun kafin ya tafasa.

Rana ta uku mai aikin abincin ta zo. Yarinya ce da ba ta fi shekara ashirin da biyu ba, baƙa, siririya, da farar riga amma ba hular nas. Hannu ɗaya littafi, ɗaya ƙaramin sikeli mai agogo a goshi. Sunanta Aginas, daga can kudu wajen bakin teku, amma duk ɗakin Mai Sikeli ake ce mata. Hausarta ta shekara biyu ce, tana haɗa mace da namiji.

"Sannu Baba. Yaya jiki? Jiya ta ci me?"

Yaya ya ce, "Garba, ka ji? Ba a yanke komai ba tukuna, har na zama ta."

Ta yi murmushi, ta ba da haƙuri, ta rubuta abin da muka faɗa. Da ta wuce, mai gadon kusa da mu ya kira ni da hannu. Tsohon masinjan En'e ne, watansa huɗu a kwance da ciwon ƙirji, ba abin da bai sani ba a asibitin nan. Ya ce, "Ka san ko wace ce wannan? Ɗaliba ce. Ba ta gama ba. Su uku aka kawo, aka raba musu ɗakuna, wata uku za su yi su koma a ba su takarda. Koyon aikin abinci suke. Da wa ake koyon? Da ni da kai. Je ka ɗakin manya na sama ka gani ko akwai ɗaliba."

Daga ranar na sa mata ido.

Da aka kawo abincin da ta tsara, zargina ya samu gindin zama. Tuwon dawa ɗan dunƙule, bai kai cikin tafin hannuna ba. Wake ludayi ɗaya. Ganye tuli, kamar za a ba akuya. Nama yanka biyu, an sheme kitsen. Ita da kanta take ɗora kowanne a sikeli, ta duba agogon, ta gutsure, ta mayar. Shekarata ashirin ina awo. Na san yadda ake danna kwano da babban yatsa, na san yadda ake share baki da gefen hannu a rage, mai saye yana kallo bai gani ba. Da na ga tana gutsurar tuwo tana mayarwa a tukunya, na ce a raina, to, ragin nan ina yake zuwa? Da yamma kuwa ina ganin matan kicin suna fita ta ƙofar baya, kowace da ƙunshi a ka. Ban taɓa buɗe ƙunshin kowa ba, gaskiya. Amma na haɗa wannan da wancan.

Sista mai kula da ɗakin ta ja mini kunne: kada a ba shi abincin waje. Na ce na ji. Kuma ban saɓa ba, a ganina. Ko lomar tuwo, ko ƙosai, ko burodi ban taɓa shigo da shi ba. Amma zafin bazara ake, mutum yana ta ramewa, leɓensa yana tsagewa. A bakin ƙofar asibiti akwai 'yan Fulani masu nono. Sai in je da kwanon sha, a dama fura, in jefa suga don Yaya ba ya sha lami, in rufe da faifai in tura ƙarƙashin gado. Da safe koko. A wurinmu fura ba abinci ba ce. Mutum ya sha fura kwano guda, ka tambaye shi ko ya ci abinci, zai ce maka rabonsa da abinci tun jiya, kuma bai yi ƙarya ba.

Sati na biyu dangi suka fara sintiri. Uwani tana zuwa Talata da Asabar. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, ko a asibiti ba ta bari.

"Ƙaramin miji, yaya na ga shi yana ramewa kai kana ƙiba? Ko kai kake cinye na majinyacin?"

"Wane na majinyaci? Zo ki ga abin da suke ba shi. Ko kazarki aka ba sai ta kai ƙara."

Ta leƙa kwano, ta riƙe haɓa. Ranar Asabar sai ga ta da kunun zaƙi a gora.

Gwaggonmu Hansai ta zo daga Kausani da rubutu a kwalba da zuma cike da gwangwani, ta ce malam ya ce a haɗa a sha safe da yamma, zuma waraka ce. Wa zai yi wa Gwaggo musu? Abokan Yaya na Kara kuma kowa ya zo dubiya sai ya riƙo lemon kwalba, don yanzu shi ne dubiyar masu hali. A ranar da na ƙirga, kwalba tara ne a lokar gefen gado.

Kullum da hantsi Mai Sikeli za ta tsaya a kanmu.

"Baba Garba, jiya me ya ci?"

"Abin da kika ba shi."

"Ya cinye duka?"

"Har da ganyen."

"Ba ya ci wani abu kuma?"

"Ba abin da ya ci."

Sai ta rubuta. A nan zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa a gida ba. Farko-farko da zuciya ɗaya nake amsawa. Amma wajen ƙarshen sati na biyu, wani abu ya fara sosa mini rai duk lokacin da ta ce "wani abu kuma." Ƙafata tana taɓa kwanon furar a ƙarƙashin gado. Sai in ce da kaina, ci ta tambaya, ci na amsa. In ta ji labarin fura za ta hana, yunwa ta kashe shi, ita kuma ta karɓi takardarta ta koma garinsu. Da haka nake rufe bakin zuciyata.

Sati na uku kwalbar fitsari tana nan ja. Likita ya ƙara allura. Wata safiya babbarsu ta zo zagaye, wata mace mai tabarau da ke koyar da su. Ta karɓi littafin yarinyar, ta duba, ta duba takardar gindin gado, ta fara faɗa da Turanci a gaban kowa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Yarinya ta sa hannu a baya tana cewa "yes ma." Masinja ya ce mini, "Cewa take lissafinta bai yi daidai ba. Wai in da abin da ta rubuta shi yake ci, da suga ya sauka."

Kashegari tuwo ya ƙara ƙanƙancewa.

Na ce, ka ga irinta ko? An yi mata faɗa, ta huce a kan cikin ɗan'uwana. Sai na ƙara fura, daga kwano ɗaya zuwa biyu. Kwalba ta ƙara ja. Ta sake rage tuwo. Na ƙara zuma. Haka muka yi ta yi ni da ita kwana goma, tana ragewa ta sama ina ƙarawa ta ƙasa, gyambo yana cin gaba. Babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bi. In an zo wanki sai a ja labule, masu gadajen kusa su toshe hanci da gefen mayafi.

Sati na huɗu, ranar Laraba, likita ya zo. Layin biro ya dushe saboda gumi, sai ya sake bi ta kansa ya ƙara masa baƙi. Nas ta ce Alhamis ta sama za a shiga tiyata.

Da suka fita, Yaya ya juyo gare ni. Ya ce, "Ka kai ni gida. Gara a binne ni da ita." Dangi suka rabu biyu. Gwaggo ta ce akwai wani mai magani a Achika da ya taɓa warkar da irin wannan. Abokansa suka ce a nemo mota. Ni ban san abin yi ba. Juma'a huɗu ban auna ko tiya ɗaya ba, ragon da nake kiwo don layya ya riga ya tafi, gona ba a yi sharar ta ba, ga damina ta kusa. Haushin duka sai na sauke a kan yarinyar.

Da ta zo awon abincin rana na ce, "Tsaya. Ɗauke hannunki. Mayar da shi baya."

Ta mayar. Na ɗauki tuwon da kaina na ɗora a sikeli. Allurar agogon ta tsaya daidai inda take tsayawa kullum. Na ɗaga na sake ɗorawa. Nan ta tsaya.

Na ce, "Sikeli ma ana ɗaure shi. Ni ma'auni ne. Ragin da kike yi, wa kike kai wa?"

Ba ta gane ba sai da masinja ya fassara mata, yana jin daɗi. Ta dube ni. Idonta ya kaɗa amma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ni ba na sata. Kullum ina lissafi, ina sakewa, ban gani ba inda kuskure yake. In ƙafa ya tafi, ni ma na faɗi."

Na ce a raina, ashe dai takardarta take ji. Har yau ban ce ba haka ba ne.

Ranar Asabar Uwani ta zo da kwando cike da mangwaro daga lambunan bakin kogi, irin mai zare ɗin nan da Yaya yake so. Lokacin dubiya ne, bayan la'asar, ɗaki ya cika. Ta rarraba wa maƙwabta. Sai ga Mai Sikeli za ta wuce da littafinta. Uwani ba ta iya ganin mutum ta ƙyale ba.

"'Yar nan, ke ce mai kashe mini miji da yunwa? Zo dai, ba a hana maƙiyi. Zo ki sha mangwaro."

Yarinya ta tsaya. "Sha? Ba ci ba?"

Uwani ta tuntsire da dariya. "Ji ta. Ana cin mangwaro ne? Mangwaro ai sha ake."

"Amma yana da tauri. Ana taunawa."

"Ko da dutse ne, sha ake. Da shi da lemo da rake da kankana."

Na ga fuskar yarinyar ta canja. Ta ajiye sikeli a kan loka a hankali.

"Mama, fura fa?"

"Sha."

"Koko?"

"Sha mana."

"Zuma?"

"Sha, ko lasa. Ke wai a ina kika koyi Hausa?"

Ta zauna a bakin gadon Yaya, abin da aka hana ma'aikata yi. Ta buɗe sabon shafi. Ba ta dubi Uwani ba, ni ta duba.

"Baba Garba. Jiya me ya sha?"

Ina iya cewa ruwa. Kalmar ta zo har bakina. Sai idona ya sauka a kan layin biron nan. Na ce, "Koko da safe, suga huɗu. Rubutu da zuma, cokali biyu. Fura da hantsi. Lemon kwalba bayan azahar. Fura da la'asar. Zuma kuma da magariba. Yau kuma mangwaro uku, ga na huɗu a hannunsa."

Ta rubuta duka. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara zuwa."

Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta jawo kwanon, ta ɗaga faifai. Ta buɗe loka. Masinja ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Uwani ta ce, "To mu me muka yi? Cewa aka yi kada a ba shi abinci." Yaya kuwa ya dubi mangwaron hannunsa, ya miƙo mini, ya goge yatsunsa a zanen gado.

Na zaci za ta yi mini tsawa a gaban jama'a, kamar yadda aka yi mata. Da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Sati huɗu ina tambaya ba daidai ba." Ta ɗauki littafinta ta fita da sauri, ta manta sikelin.

Abin da ya faru tsakaninta da babbarsu da likita ban gani ba. Nas ce ta gaya mini cewa ta roƙi a ɗaga tiyata da sati ɗaya, likita ya ƙi, ta bi shi har gindin motarsa da shafin nan a buɗe, ya yarda da kwana biyar. Alhamis ta koma Talata.

Ranar Lahadi, da ba ranar aikinta ba ce, ta zo da gwangwanin madara da aka fasa wa baki, ta ja masa layi da ƙusa ta ciki. Ba ta hana fura kwata-kwata ba, abin da na yi ta tsoro. Ta ce nono tsala zuwa layin nan, fura ɗan gutsure, ba suga. Tuwo ta mayar da shi girmansa na farko, har da ƙari. Maganar rubutu kuwa, na shirya rigima, sai ta ce a sha, amma da ruwa kawai. Na kai wa Gwaggo saƙo. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa jin inda arniya ta gyara wa malam magani ba. Na ce, "Gwaggo, ayar ba ta taɓa ba, zumar ta cire." Ta kwashe gwangwaninta ta koma Kausani, wata biyu ba ta amsa gaisuwata.

Lemon kwalba na raba wa masu shara. Yaya ya yi kwana biyu yana zagina. Ya ce na haɗa kai da yarinya, ya ce nono ba suga wankin ƙwarya ne.

Litinin kwalba ta yi ruwan goro. Talata rawaya.

Laraba da hantsi aka yi abin da ya kusa sa in ɗauke shi mu tafi. Ina zaune sai na ga gumi yana keto masa, hannu yana karkarwa, yana kirana da sunan babanmu da ya rasu. Na yi kiran nas. Mai Sikeli ce ta riga ta isowa. Ta duba shi, ta sa hannu a aljihun farar rigarta, ta ciro suga ƙwaya biyu ta tura masa a baki. Na riƙe hannunta.

"Sugan da kika hana? Kashe shi za ki yi a rufe maganar?"

Ta fizge, ta ƙara masa ɗaya. Kafin a jima ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya tara mutane. Nas ta yi mini bayani: allurar da aka yi ta ƙarawa saboda furata ce, yanzu da babu furar sai ta yi masa yawa. Yarinyar ta san za a iya haka, shi ya sa take yawo da suga tun Lahadi, ta kuma gaya wa likita tun Litinin a rage allura. Ba a rage ba sai ranar. Wannan ba laifinta ba ne, kuma ba nawa ba ne. Na wanda bai saurari ɗaliba ba ne.

Juma'a kore. Lahadi kore mai haske. Warin ya ragu, kumburi ya sauka har ƙashin idon sawu ya fito.

Talata likita ya zo da jama'arsa, babbar mai tabarau tana ciki, yarinyar tana can baya. Ya daɗe yana danna ƙafar. Ya ce a ba shi auduga. Ya jiƙa ta da wani ruwa mai sanyi, ya goge layin ƙaurin nan tas. Ya ciro biro, ya sunkuya, ya zana wani ƙarami a gindin yatsu biyu. Nas ta ce, "Ƙafa ta tsira. Waɗannan biyun sun riga sun mutu."

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi. Garba, ka karɓo su. Kada a zuba mini su a bola."

Na karɓo su a ƙunshe cikin bandeji. Na shiga motar Wudil da su a aljihun gaba, muka haye gada, ban biya gida ba, na wuce maƙabarta, na haƙa rami a gefen kabarin babanmu na binne.

Sati biyu muka ƙara. A ciki Mai Sikeli ta canja tambayarta ga duk ɗakin. Sai ka ji tana bin gadaje: me ka ci, me ka sha, me ka lasa, me ka tsotsa, me ka tauna. Har ya zama abin tsokana, tana shigowa majinyata suna amsawa tare. Mutum uku aka samu da kwano a ƙarƙashin gado, har da masinja. Ran nan kuma sai ba ta zo ba. Watanta uku sun cika. Ba ta yi mana sallama ba, ni ma ban samu na ce mata komai ba. Ko an ba ta takardar, ko faɗan sati huɗun nan ya ci ta, ban sani ba. In wannan rubutu ya isa inda take, Allah ya saka mata. Kalmar sata da na jefe ta da ita, na janye. Ƙunshin matan kicin kuwa ban janye ba, don har yau ban ga cikinsa ba.

Ana gobe za a sallame mu, sabuwar ɗaliba ta zo, da sabon littafi da sikelin nan dai. Ta gaishe mu da ladabi, ta buɗe shafi, ta ce, "Baba, jiya me ya ci?"

Wato abin da waccan ta koya da ƙafar ɗan'uwana, ta tafi da shi a kanta. Ba wanda ya rubuta shi a bango, ba wanda ya gaya wa ta bayanta. Na ce, "Zauna, 'yata. Tambayarki da saura." Na jera mata har da ruwan da ya kurkure baki.

Saboda haka ga gargaɗina. In ka kai naka, ka tambaya wane ne ƙwararre, wane ne mai koyo, don ba za su gaya maka ba. Ka tsaya a kan awo ka gani da idonka. Kada ka saki jiki da kowa. Amma in mai farar riga ya ce me ya ci, ka faɗa masa duk abin da ya wuce maƙogwaro, ko da bai iya tambaya ba.

Yaya Haruna ya koma Kara. Yana ɗan ɗingishi, yana cusa tsumma a gaban takalmin hagu, gwangwanin nan mai layi yana rataye a ɗakin Uwani. In aka tambaye shi, cewa yake suga ya ci masa yatsu biyu. Ni ba haka nake lissafawa ba. Alhakin ƙaramin yatsan, a raba shi tsakanin ƙusa da wanzami da asibitin da ya bar yarinya ita kaɗai da harshen da ba nata ba. Babban kuwa, ko da ta nan ƙusar ta shiga, nawa ne. Na san inda na binne shi. Allah ya yafe mana, ya ba marasa lafiya lafiya.